Yadda ake bibiyar iskar rana da maganaɗisun duniya daga arewacin Kamaru da Chadi

Mai awon filaye a Garwa yakan kafa na'urarsa ta GPS tun da hantsi tana aiki lafiya lau, amma da an idar da sallar magariba sai ta fara sakin taurari ɗaya bayan ɗaya, awon da ke kan santimita biyu ya koma mita. Mai sauraron labarai a gajeren zango a Kuseri yana cikin jin tasha da tsakar rana sai ta ɗauke ɗif, bayan rabin awa kuma ta dawo da kanta. Dukansu biyu batir ko eriya za su fara zargi. Sau da yawa kuwa laifin yana can sama, kilomita 60 zuwa 400 bisa kawunansu, kuma asalinsa daga rana yake.

Yawancin manhajojin waya da ke bayar da yanayin sararin samaniya an yi su ne domin mutanen Norwe da Kanada masu jiran hasken nan mai launi da ke bayyana a sama kusa da ƙuryar duniya. Mu ba shi muke jira ba. Inda muke zaune ya sa abin da ke damunmu daban ne, lokacin da yake damunmu ma daban ne, don haka karatun alƙaluman ma dole ya bambanta.

Saƙonni uku da rana ke aikowa

Na farko shi ne walƙiyar rana: fashewa ce a fuskar rana da ke watso haske mai ƙarfi, har da hasken eksire. Minti 8 da 'yan daƙiƙu take yi ta iso, wato ganinta da isowarta lokaci ɗaya ne, babu gargaɗi. Na biyu shi ne aman rana, wanda a shafukan intanet za ka gan shi da haruffa CME: wani makeken gungu ne na burbushi mai caji haɗe da maganaɗisunsa, yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Na uku ita ce iskar rana kanta, burbushin furoton da ilektaron da ke kwarara dare da rana ba tsayawa, da gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa. Wannan iska ba ta da dangantaka da hunturu ko guguwar bazara, ba kuma ta taɓa fatar kowa; maganaɗisun duniya yana tare ta tun daga nisan da ya kai ninki goma na rabin faɗin duniya.

Inda muke zaune

Ban da layin ikwaita da aka sani a taswira, akwai ikwaitar maganaɗisu, wato layin da maganaɗisun duniya ke kwance shimfiɗe, bai nutsa ƙasa ba bai kuma ɗaga sama ba. A yankinmu wannan layi yana ratsawa ne wajen digiri 10 zuwa 11 arewa. Marwa tana digiri 10.6, kusan a kansa take. Garwa tana ɗan kudu, Njamena da Kuseri suna ɗan arewa, Ngaundere ta fi nisa a kudu.

A bisa wannan layi, a tsayin kilomita 105, akwai wani kogin lantarki mai faɗin kilomita kamar 600 da ke gudu zuwa gabas duk rana, ya tashi da hantsi, ya cika kafin azahar, ya janye da yamma. An fara lura da alamarsa a tashar Huwankayo ta ƙasar Peru a 1922, kuma a ƙarshen shekarun 1960 masana sun jera na'urori daga Chadi zuwa Afirka ta Tsakiya domin auna shi. Ma'ana, mai ƙaramar na'ura a Marwa ko Kayele yana ganin abin da babbar tasha a Turai ba za ta taɓa gani ba.

Mataki na ɗaya: agogo da shafuka

Duk bayanan sararin samaniya da agogon UTC ake rubuta su. Agogon Kamaru da na Chadi yana gaba da shi da awa ɗaya duk shekara, saboda haka 17:00 a jadawali ƙarfe shida ne na yamma a wurinmu. Wannan kuskuren awa ɗaya shi ne ya fi rikita sababbin masu bibiya.

Shafin da ba makawa sai da shi shi ne na cibiyar SWPC ta hukumar NOAA da ke Bolda a Amurka. A ciki ka nemi shafin da ake kira Real Time Solar Wind, da jadawalin hasken eksire na taurarin GOES, da hasashen kwana uku. Hasashen yana zuwa a rubutu tsantsa ba hoto, ba ya cin data, ko a inda sabis ke rauni yana buɗewa. Ka ƙara da cibiyar SIDC ta Beljiyam, da cibiyar SANSA da ke Hamanus a Afirka ta Kudu, wadda ita ce mai gargaɗi ga nahiyar Afirka kuma ta koma aiki dare da rana a 2022. Awon maganaɗisu na tashoshin ƙasa kuma yana shafin INTERMAGNET.

Mataki na biyu: duba fuskar rana

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta zo da guguwar maganaɗisu, wato hargitsin da iskar rana ke jawo wa maganaɗisun duniya. Kowace safiya ka duba abu uku.

Jadawalin eksire yana rarraba walƙiya da haruffa A, B, C, M, X, kowane harafi ya ninka na bayansa sau goma. C ba ta da wani tasiri. Daga M1 gajeren zango ke fara shaƙewa, X1 kuwa tana iya kashe shi na kusan awa guda a ɓangaren duniya da rana ke haskawa. Dalili shi ne hasken yana cika shimfiɗar sama ta ƙasa-ƙasa, mai tsayin kilomita 60 zuwa 90, da caji, ita kuma ta shanye siginar maimakon ta bar ta ta wuce ta dawo. Inda rana ke tsaka nan abin ya fi tsanani, mu kuwa rana kusan kullum a kanmu take da azahar. In tasha ta ɗauke a mita 49 ko 31, ka hau mita 19 ko 16, domin zangunan masu manyan lambobin mita ne ke fara mutuwa, su ne kuma ke dawowa a ƙarshe. Walƙiyar da ta faru muna cikin dare ba ruwanmu da ita.

Sai hoton tauraron SDO mai lamba 193. Wuraren da suka yi baƙi ƙirin a cikinsa su ne ɓulolin rana, inda iska mai sauri ke fita. In babbar ɓula ta zo tsakiyar fuskar rana, ka ƙirga kwana biyu zuwa huɗu. Lissafin a sarari yake: kilomita miliyan 150 a raba da gudun 600 a daƙiƙa ya ba da kusan kwana uku.

Na uku, hotunan LASCO na tauraron SOHO, inda aka rufe ranar da faifai domin a ga gefenta. Aman da ya fita ta gefe ɗaya yawanci ya kauce mana. Wanda ya bazu ya kewaye faifan kamar zobe, ko dai mu ya nufo ko ya ba mu baya, sai a duba ko an yi walƙiya a fuskar da ke kallonmu a daidai lokacin. Hasashen isowarsa da ake yi da kwamfuta yakan kuskure da awa goma, ba abin mamaki ba ne.

Duk wannan a allon waya ake yinsa. Kada hazon hunturu ya yaudari kowa ya ɗaga ido ya kalli rana don ta dusashe ta zama kamar faifai. Hazo yana rage ƙyalli amma ba ya hana ƙonewar ido.

Mataki na uku: karanta iskar rana

A nan gizo ke saƙa. A nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana akwai wani matsayi da ake kira L1, inda taurarin ɗan'adam kamar ACE, da aka harba a 1997, suka zauna suna ɗanɗana iskar kafin ta iso mana. Tazarar gargaɗin ita ce wannan nisa a raba da gudun iska: a gudun 500 minti 50 ne, a gudun 800 kusan rabin awa.

Jadawalin yana da layuka jere. Gudu, wanda a rana mai lafiya yake wajen 400. Yawan burbushi, kamar 5 a kowane ɗan kwali mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Zafi. Sai maganaɗisun da iskar ke ɗauke da shi, ana auna shi da nanotesla, a taƙaice nT: Bt shi ne jimillar ƙarfinsa, yawanci wajen 5, Bz kuma shi ne rabon da ke fuskantar arewa ko kudu.

In da layi ɗaya kaɗai za a ba ka, ka zaɓi Bz. Maganaɗisun duniya a goshin da ke kallon rana arewa yake fuskanta. In na iskar ma arewa ya fuskanta, wato Bz yana sama da sifili, sai su ture juna, iskar ta zame ta gefe ta wuce. In ya juya kudu, lambar ta koma ƙasa da sifili, sai layukan biyu su ƙulle da juna, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar ya kwararo ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa za ka ga gudu ya kai 700 amma ƙasa shiru, wata rana kuma gudu 450 kawai amma guguwa ta tashi.

Zurfi kaɗai bai isa ba, sai da daɗewa. Bz da ya faɗa -15 na minti biyar ya dawo ba ya yin komai. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna aiki da ita ita ce Bz ƙasa da -10 har fiye da awa uku yana kawo babbar guguwa. Kana iya haɗa gudu da Bz a lissafi ɗaya: ka ninka gudu da zurfin Bz na kudu, ka raba da 1,000. Gudu 500 da Bz -10 ya ba da 5, kuma daga nan ne abin ke zama na gaske. Ka tuna Bz ba ya wuce Bt. In Bt na kan 6, ka kwantar da hankalinka komai gudun iska. In Bt ya haura 20, ko da Bz yana arewa, ka zauna kusa, domin yana iya juyawa a kowane lokaci.

Akwai kuma matsin iskar. Ka ninka yawan burbushi da gudu, ka sake ninkawa da gudu, ka ninka da 1.67, ka raba da miliyan ɗaya. Burbushi 5 da gudu 400 ya ba da 1.3. In lissafin ya yi tsalle zuwa 15 ko 20 farat ɗaya, garkuwar duniya ta matsu, kuma na'urar ƙasa za ta nuna hakan nan take.

Da sabo za ka riƙa gane baƙon daga sallamarsa. Aman rana yakan zo da duka: gudu, yawa, zafi da Bt duk su yi tsalle a minti ɗaya kamar matakala. Bayan nan awoyi na hargitsi, Bz na sama na ƙasa. Sannan cikin aman kansa ya shigo, Bt ya yi ƙarfi ya natsu, zafi ya faɗi, Bz ya riƙa juyawa a hankali cikin awa goma ko ashirin. Wannan sashe mai kama da natsuwa shi ne ya fi haɗari in ya karkata kudu. Iskar ɓula kuwa a hankali take zuwa: yawan burbushi ya fara tashi, Bt ya bi shi, sannan gudu ya hau sannu a hankali zuwa 600 ko 700, yawan ya zube, zafi ya tsaya sama na kwanaki. Guguwarta ba ta cika tsanani ba amma tana daɗewa.

Hattara da bayanan ƙarya. Layin da ya miƙe sak ba motsi, ko yawan burbushi da ya faɗi sifili, ko gudu da ya yi tsalle shi kaɗai sauran layuka ba su motsa ba, matsalar na'ura ce ko ta saƙo. Sauyin gaske a layuka da yawa yake bayyana tare.

Mataki na huɗu: Kp da Dst

Kp lamba ce daga 0 zuwa 9 mai nuna girman hargitsin maganaɗisun duniya, ana fitar da ita kowace awa uku, cibiyar GFZ ta Fotsdam a Jamus ke haɗa ta daga tashoshi 13. Kp 5 shi ne guguwa mataki G1, Kp 9 shi ne G5. Amfaninta gare mu kaɗan ne, domin tashoshin duk suna nesa da ikwaita. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce Dst da ake fitarwa a Kiyoto ta Japan kowace awa daga tashoshi huɗu, ɗayansu Hamanus. Tana auna yadda zoben lantarkin da ke kewaye duniya lokacin guguwa ke rage ƙarfin maganaɗisu a yankunan zafi. Ƙasa da -50 matsakaiciyar guguwa ce, ƙasa da -100 babba ce. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 ta kai wajen -400, Kp ya kai 9, karo na farko da aka ga G5 tun Oktoban 2003, har taraktocin manoman Amurka masu bin GPS suka rikice a lokacin shuka. Ka buɗe jadawalin waɗannan kwana biyu a ma'ajiyar shafukan ka bi shi layi-layi, ya fi kowane darasi.

Mataki na biyar: kafa ma'aunin maganaɗisu a gida

Kamfas ɗin cikin waya ba zai yi ba. Ƙarfin maganaɗisu a yankinmu yana wajen 33,000 zuwa 35,000 nT, abin da muke nema kuwa sauyin 10 zuwa 200 ne a cikinsa, hayaniyar na'urar waya kaɗai ta kai ɗaruruwa.

Abin da masu son wannan aiki suka fi amfani da shi shi ne allon RM3100, mai naɗin waya uku domin fuskoki uku, X da Y a kwance, Z a tsaye. In an saita ƙirgensa a kan 200 yana bambance 13 nT, in kuma ana karantawa kowace daƙiƙa ana ɗaukar matsakaicin minti ɗaya, hayaniyar takan ragu zuwa 'yan nT. Za ka buƙaci ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da allon agogo DS3231 domin kada lokaci ya ɓace in wuta ta ɗauke, da ma'aunin zafi, da allon PCA9615 guda biyu, da wayar intanet Cat5 mita 20 zuwa 30, da bututun roba na famfo mai tsawon mita ɗaya da murafunsa. Allunan PCA9615 dole ne, domin hanyar I2C da na'urar ke magana da ita ba ta jure waya mai tsawon da ya wuce mita ɗaya ko biyu.

Wurin kafawa shi ne rabin aikin. Ka nisanci rufin kwano, ƙofar ƙarfe, janareta, injin ban-ruwa, hanyar mota, da wurin da ake ajiye babura. Ka fi tsoron wayar sola fiye da komai: waya ɗaya mai ɗauke da amfiya 1 tana haifar da 200 nT a nisan mita ɗaya, 20 nT a mita goma, kuma wutar sola tana tashi da hantsi ta sauka da yamma daidai yadda kogin lantarkin sama ke yi, har ka ɗauka shi kake gani. Maganinta nisa, da murɗa wayar zuwa da ta dawowa tare kamar igiya domin su kashe juna. Kowane kusa, noti ko ɗauri da zai shiga bututun ka gwada shi da maganaɗisu tukuna. In ya kama, a fitar da shi, a sa na roba ko na tagulla. Ma'aunin zafi mai kan ƙarfe ka ɗaure shi aƙalla taƙi ɗaya nesa da allon.

A binne bututun, allon ya kasance a zurfin santimita 60 zuwa mita ɗaya. Na'urar tana sauya karatu da zafi, a watan Afrilu kuwa Marwa da Njamena suna wuce digiri 40 da rana. A wannan zurfi bambancin dare da rana ya kusan ɓacewa. A liƙe murfin ƙasa da gam, a jefa ƙunshin gishirin shanye laima irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a saka wayar cikin siririn bututu saboda gara da ɓeraye. Kada a kafa a baƙar ƙasar karal da ake dasa masakwa: tana tsagewa da rani, ta kumbura da damina, ta karkatar da bututun. Jigawa mai tauri ta fi. A tudun Adamawa duwatsun baƙi na tsohon aman wuta suna da nasu maganaɗisu, za su ƙara ko su rage lambar, amma tunda ba sa motsi ba su ɓata sauyin da ake bi.

Wajen saitawa, ka daidaita allon da ma'aunin magina mai kumfa, sannan ka juya shi a hankali har fuskar Y ta karanta kusan sifili. A lokacin X za ta nuna kusan dukan ƙarfin, Z kuma kaɗan, domin maganaɗisu a nan kwance yake. Ka sa kwamfutar ta riƙa lissafa H, jimillar ƙarfin da ke kwance, wato ka ninka X da kanta, Y da kanta, ka haɗa, ka ɗauki tushen murabba'in. Wannan gata ne da Turawa ba su da shi: tunda Z ƙarama ce, ɗan karkacewar bututu ba ya taɓa H, sai dai ya bayyana a Z, inda kashi ɗaya cikin goma na digiri ke ba da kusan 58 nT. Saboda haka in ka ga Z ta yi tsalle bayan ruwan sama ta zauna a sabon wuri, ƙasa ce ta motsa.

Ƙaramar Pi tana cin wat 1 zuwa 2. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 20 da faifan sola mai wat 30 zuwa 50 sun ishe ta, muddin ana goge ƙurar hunturu. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana lalata katin ajiya, don haka a riƙa kwashe bayanan kowane mako. In hadari ya haɗo da tsawa, a zare doguwar wayar.

Mataki na shida: karanta naka jadawalin

Ka ɗauki matsakaicin H daga ƙarfe 11 na dare zuwa 3 a matsayin tushe, ka cire shi daga sauran. A rana mai lafiya layin zai fara hawa bayan fitowar rana, ya kai ƙololuwa tsakanin 11 da 12, daga gomomin nT zuwa sama da 100, ya sauko kafin magariba. In tudun naka yana kaiwa ƙololuwa ne da ƙarfe biyu ko uku na rana ko bayan haka, zafi kake aunawa, sai a ƙara zurfi. Wani lokaci da safe ko da la'asar layin yakan nutsa ƙasa da tushe na awa ɗaya ko biyu. Kogin ne ya juya yamma, abu ne sananne, na'urarka lafiya take.

Ranar guguwa kuwa, minti 30 zuwa 60 bayan tsallen da ka gani a L1, H zai yi tsalle sama da gomomin nT cikin 'yan mintuna, in da rana ne ma tsallen ya fi girma a ƙarƙashin kogin. Bayan Bz ya zauna kudu sai H ya gangara na awoyi, sannan ya farfaɗo cikin kwana ɗaya zuwa uku. Don tabbatarwa ka gwama da tashar Tamanrasat ta Aljeriya a INTERMAGNET. Abin da ya bayyana a wurinka da wurinsu a minti ɗaya daga sama yake. Abin da ya bayyana a wurinka kaɗai, mai kaifi kamar an yanka da wuƙa, ka tambayi wanda ya jingine keke ko ya ajiye garma kusa da ramin. In ka cire sauyin Tamanrasat daga naka, ragowar ita ce ƙarfin kogin lantarkin, sai dai ka tuna suna yamma da mu, azaharsu tana bayan tamu da kusan rabin awa.

Mataki na bakwai: bayan magariba

Wannan shi ne abin da ya fi shafar aikin yau da kullum, kuma Kp ba ya faɗinsa. Da rana ta faɗi, ƙasan shimfiɗar caji ta sama yana saurin zubar da cajinsa, yayin da wani ƙarfin lantarki ke cilla shimfiɗar sama. Mai nauyi ya hau kan marar nauyi, kamar a zuba ruwa bisa man gyaɗa, sai manyan kumfa marasa caji su ɓullo su haura ɗaruruwan kilomita, suna tafiya gabas. Siginar GPS da ta ratsa gefen kumfa takan riƙa ƙyaftawa, na'ura ta saki tauraron. Lokacinsa daga ƙarfe bakwai zuwa tsakar dare ne, ya fi yawa a Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, ya kuma fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyarta cikin zagayenta na shekara 11. Zagayen da muke ciki ya fara a Disamban 2019, aka sanar da kaiwarsa ganiya a Oktoban 2024. Lambar F10.7, wato awon hayaniyar rediyo da rana ke fitarwa, da ake aunawa a Kanada ita ke nuna wannan: wajen 70 rana na barci, sama da 150 tana kan aiki.

Kumfa yana faruwa ko babu guguwa. Guguwa ma tana iya ƙara shi in Bz ya juya kudu daidai faɗuwar rana a wurinmu, tana kuma iya danne shi in ta daɗe da farawa, ta tura shi zuwa bayan tsakar dare. Ƙyaftawar ta fi tsanani a wurare biyu masu nisan kamar digiri 15 arewa da kudu da ikwaitar maganaɗisu, don haka daga Marwa taurarin da ke ƙasa-ƙasa ta arewa da ta kudu su ke fara ɓacewa.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Ka saka manhajar GPSTest a wayar Android, ka ajiye ta a fili ba bishiya ba gini, ka kalli ƙarfin siginar kowane tauraro. Mai lafiya yakan zauna tsakanin 35 da 45 yana motsi kaɗan. In wasu taurari a sashe ɗaya na sama suka riƙa tsalle suna ɓacewa suna dawowa, sauran na zaune, kumfa ne. Na'ura mai zango biyu tana gyara jinkirin da caji ke jawowa amma ba ta maganin ƙyaftawa. Mai awon fili da mai tuƙa jirgi marar matuƙi su gama aikin da ke son daidaito kafin la'asar sakaliya, da safe ya fi.

Abin da ba laifin iskar rana ba ne

Dish ɗin talabijin da ya ɗauke da damina ruwan sama ne. Wanda ke ɗaukewa na 'yan mintuna a lokaci ɗaya kullum, kwanaki kaɗan a jere a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana ce ta bi ta bayan tauraron ta rufe siginarsa da hayaniyarta. Faifan sola ba ya lalacewa da guguwar maganaɗisu. Gaskiya ne guguwar 13 ga Maris 1989 ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu na awa tara, gaskiya ne kuma dogayen layukan wuta irin waɗanda ke tasowa daga madatsar Lagdo, da bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi, suna iya ɗaukar ɓataccen lantarki in maganaɗisu ya yi tsalle. Amma kafin a ɗora wa rana laifin ɗaukewar wuta, a duba jadawali a ga ko H ya motsa a wannan mintin.

Littafin rajista

Ka tanadi littafi, kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, walƙiya mafi girma da lokacinta, gudu mafi yawa, Bz mafi zurfi da awoyin da ya yi a kudu, Dst mafi ƙasa, tsayin tudun H na azahar, da abin da GPS da rediyo suka yi da dare. Ka ja layin shafin yadda kowane shafi zai ɗauki kwana 27, domin tsawon juyin rana ke nan kamar yadda muke ganinsa daga duniya, kuma babbar ɓula takan rayu juyi da yawa. In layi na tara ya nuna gudu 650 a shafi biyu a jere, ka sa alama a layi na tara na shafi na uku tun kafin ranar ta zo, ka kuma ɗage aikin awo na wannan daren zuwa safiya.